Saurar Labo

Jakin ne ya fara tsayawa. Labo ya zungure shi da sanda, ya ƙi motsi, jarkokin ruwa biyu suna reto a haƙarƙarinsa. Sai Labo ya dubi ƙasa.

Sawun taya. Mai faɗi, mai haƙora. Ya tattake sabara, ya karya ƙananan geza, ya miƙe ɗoɗar zuwa tsakiyar saurar, inda shekara da shekaru babu takalmin da ya taka in ba nasa ba.

Ko salati bai yi ba. Ya ɗaure jakin ya bi sawun.

A bakin komin siminti, inda bareyi ke shan ruwa, ƙasa ta yi baƙi wuri uku. Jini ne, ya kwana. Ga kwanson harsashi ja guda bakwai, ga kwalin sigari yana yawo a kan ruwan. Labo ya tsuguna ya karanta ƙasar kamar malami da allo. Motar ta tsaya bayan magarya jiya da la'asar, lokacin da yake Dogarawa wurin gaisuwar mutuwa. Ba wanda ya sauko sai da aka gama. Daga kan kujera aka yi halbin. A kan ruwa.

Ungulaye ne suka nuna masa ta huɗun. Ta yi gudu da dalma a jikinta har gindin wani kalgo, can ta faɗi. Mace, da tsohon ciki. Ba wanda ya bi jininta, ba wanda ya sa mata wuƙa. Ta tashi mushe.

Saurar nan gonar ubansa ce. Bayan yunwar tamanin da huɗu ƙasar ta gaji har ba ta mayar da iri, sai ya bar ta ta huta. Shi mahalbi ne ɗan mahalbi, ga shi a shekarun nan daji ya mutu, ko zomo sai an yini ana nema. Wata safiya ya ga sawun barewa biyu a gefen saurar. Ya koma gida bai faɗa wa kowa ba. Daga ranar ya hana gatari shiga. Ya bar sabara ta yi duhu don su sami wurin kwanciya. Yana tsinto 'ya'yan gawo da na aduwa yana watsa masu. Ya sayo rabin buhun siminti a Malbaza ya gina komi, duk rani yana jido ruwa kwana bi-biyu, yana binne kanwa a gindin wani suri don su lasa. Ya yi faɗa da makiyaya. Ya yi faɗa da mata a kan itace, har Takama, wadda ta fi kowa baki a rijiya, ta laƙa masa Mijin Barewa, sunan ya bi shi. Bai taɓa shiga da kare ba. Bai taɓa shiga da rigar da ta ga sabulu ba. Bai taɓa shiga iska na bayansa ba, don kada ta kai masu warinsa. Shekara bakwai. Biyu suka zama goma sha huɗu.

Hukuma ta hana farauta, kowa ya sani. Shi dai ɗaya tak yake ɗauka a shekara, bayan an gama girbi, kuma kishimi, namijin da ya tsufa. Ba mace ba. Ba a kan ruwa ba. Gari ya sha romo, ƙarfata ta tafi gidan mai gari, kowa ya kama bakinsa. Na bana ma ya riga ya zaɓa: wani kishimi mai karyayyen ƙaho, shekara uku yana ƙyale shi.

Ya ja mushen nesa ya rufe da ƙasa. Ya juye ruwan a komi, don ƙishi bai san an yi ɓarna ba. Ya kora jakinsa gida.

A tsakar gida ya tarar da ƙanensa Hamani, direban babbar motar siminti ta Alhaji Alkasum na Konni, ya miƙe ƙafa a tabarma yana shan fura. Matar Labo, Tsahara, tana tsaye nesa da wani akushi da ta rufe da faifai.

"Sannu da zuwa, Yaya."

Labo ya ɗaga faifan. Cinya ce, da jar fatarta.

"Hamani ya kawo," in ji Tsahara. "Wai saƙon Alhaji. Ban taɓa ba, Malam. Na ga kofaton."

Labo ya juya ga ƙanensa. "Kai ka tuƙa su?"

"Yaya, zamna mana, maganar tana da..."

"Kai ka tuƙa su?"

Hamani ya ajiye ludayi. "Ni dai hira na yi a tasha. Ana gardama wai barewa ta ƙare a ƙasar Konni, na ce ƙarya ne, wana na da goma sha huɗu kamar awakin gida. Ta kai kunnen Alhaji. Ya ce in kai shi shi gani. Gani kawai ya ce, wallahi! Mutumin da makullin motarshi ke aljihunka, ka ce mai a'a?"

"Goma."

"Mi?"

"Goma sunka rage. Wadda kunka bari gindin kalgo ciki gare ta."

"Ai ba mu san an samu ta huɗu ba."

"Ba ku sauko ba. Ina za ku sani?"

Hamani ya sosa ƙeya. "To ni dai yanzu Alhaji na ƙohwar mai gari, kai ake jira. Ka sa riga ta kirki ka tahi. Alheri ne ya zo maka, in ka bar zuciya."

Labo bai sake riga ba. Ya kama cinyar ta kofato, ya ratsa gari da ita tana ɗiga, mutane suna ba shi hanya.

Farar landiroba tana fake a inuwar dogon yaro. A rumfa, mai gari Mahamudu yana kan buzu, dattawa uku a gefe. Alhaji Alkasum shi kaɗai ke kan kujera, shaddarsa tana ƙara in ya motsa.

"A'a! Ga sarkin dajin da kanshi!"

Labo ya durƙusa gaban mai gari. "Ranka shi daɗe." Sannan ya ajiye cinyar a ƙasa dab da takalmin Alhaji. "An yi mantuwa gidana."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. "Kyauta ce, Malam Labo, tukuicin aikinka. Wallahi ka yi aiki. Na yi yawo har Agadas ban ga nama ya tsaya ma mota haka ba. Sai kallonmu suke! Ko gudu ba su yi ba sai da munka saki na biyu."

"Ba su san ana mutuwa a kan ruwa ba," in ji Labo. "Ni na koya masu haka."

Alhaji bai ji komai a maganar ba. Ya shiga bayani da hannu biyu. Zai kewaye wurin da waya. Zai kafa rumfar kwano kusa da komin, mutum ya zauna a inuwa da shayinsa nama ya zo ya same shi. Ranar Lahadi ma yana da baƙi daga Sakkwato, manyan mutane, mota uku. Labo kuwa shi ne gardi, mai gadin wurin, har rigar kaki za a ɗinka masa.

"Mota uku," in ji Labo. "Ga goma."

"Allah na ƙaro wasu. Ba kai ka halicce su ba."

"Gonar ubana ce."

Mai gari ya gyara zama. "Dā ke nan, Labo. Tun zamanin soja anka ce ƙasa ta mai noma ce. Wurin da ya shekara bakwai bai ga hauya ba, ba gona ba ne, daji ne. Daji kuwa hannun mai gari shike. Naman da ke ciki ma ba naka ba ne, na gomnati ne."

"Ƙarfatar da nike aiko maka, ita ma ta gomnati ce?"

Wani dattijo ya tsunduma cikin tari.

"Huɗu ka ci, ranka shi daɗe. Ban ji ka tambayi mai su ba."

"Ka kiyayi bakinka!" Mai gari ya nuna shi da yatsa. "In maganar ga ta hita gari, bindigar wa za a ɗauka? Alhaji ya san ƙofofi. Kai mi gare ka? Bindigar toka da laya."

Labo ya daɗe yana kallon cinyar. Ƙudaje sun same ta.

"In ta ga hauya hwa?"

"Wa?"

"Saurar."

"To gona ce mana. Gonar ubanka, ba mai taɓa ta." Mai gari ya dubi dattawa, suka gyaɗa kai. "Amma wane mahaukaci ka sare wahalar shekara bakwai?"

"Bar shi, zuciya ce, tana sauka," in ji Alhaji. "Malam Labo, ran Lahadi ka cika komin tun da sahe."

Labo ya sake durƙusawa, ya tashi.

A gida ya yi azahar, ya zauna a bakin ɗaki bai ci abinci ba. Bindigarsa tana rataye a bango. Hamani yana satar kallonta yana kallon ƙofa. Can Labo ya kira matarsa.

"Ɗauko min rigar Juma'a. Wadda kinka wanke da sabulu. Ki sa mata turare."

"Ina za ka?"

"Saura."

Tsahara ta tsaya da baki buɗe.

"Ki biya wurin Takama. Ki ce itace ya halatta. Kowace ta ɗauko gatari. Su zo da awakinsu, da karnuka, da bakinsu duka."

"Malam! Shekara bakwai ina shan zagi bakin rijiya don itacen ga."

"Yau guɗa za su yi maki."

"Bareyin kuma hwa? Ina za su?"

"Arewa. Can cikin duwatsu. Mota ba ta hawa."

"Can akwai mai kai masu ruwa?"

Ya dubi gabas, inda hadari ya kwana uku yana haɗuwa yana watsewa.

"Damana ta kusa," ya ce.

Hamani ya miƙe zumbur. "Yaya, kana son ka kashe ni? Ran Lahadi mi zan ce ma Alhaji? Aikina hwa!"

"Ɗauko hauya. Kai ma gonar ubanka ce."

Da la'asar sakaliya ya fita. Bai ɗauki bindiga ba, gatari ya saɓa. A bakin saurar mata sun fi ashirin, da igiyoyi da gammo, Takama a gaba ta ci ɗamara. Ta buɗe baki za ta yi abin da ta saba, sai ta ga farar rigar, ta ga fuskarsa. Ta rufe.

"Ku dakata nan," ya ce.

Ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, kamar kullum. Iska daga kudu take. Shekara bakwai, in ya ga haka, zagayawa yake ya shiga ta arewa, ko da zai ƙara tafiyar rabin sa'a. Yau ya sa ta a ƙeyarsa, ya shiga kai tsaye, rigar tana kama ƙaya, busassun ganye suna ƙara a ƙarƙashin takalminsa.

Bareyin suna nan. Jinin jiya bai hana su ba, ƙishi ya kawo su. Sun yi cirko-cirko nesa kaɗan da komin, mai karyayyen ƙaho a gaba, yana taku ɗaya yana tsayawa. Taku arba'in ne tsakaninsu. Labo ya sha auna wannan tazarar a zuciyarsa, yana jiran kaka.

Ya tsaya a fili, inda babu abin fakewa. Iska ta ratsa rigar ta wuce.

Kishimin ya ɗaga hanci. Ya juyo. Shekara bakwai mutumin nan yana shayar da su, yau ne suka fara sanin warinsa.

Ya yi atishawa ɗaya, ya buga ƙasa. Suka zabura gaba ɗaya, fararen cikunansu suna walƙiya a tsakanin geza, suka nufi arewa. Labo ya ƙirga su suna wucewa ta gibin magarya. Goma. Mata biyu masu ciki suna baya, amma suna bi.

Ya isa komin. Ya tsame kwalin sigarin ya yar. Ya juya gatari ya buga da ƙeyarsa. Siminti mai kyau ne, sai a bugu na huɗu ya tsage. Ruwan ya bi tsagar, rairayi ya shanye shi, har wurin da ya yi baƙi.

Daga bakin saurar muryar Takama ta taso, ba da ƙarfi ba.

"Malam Labo? Mu shigo?"

Ya goge hannu a rigar Juma'a.

"Ku shigo," ya ce. "Ku hwara da sabarar can. Nan suke kwana."