Gayya a Cikin Kwamfuta

Duk Kafanchan babu mai taurin kai irin Tica Martins, in ka ɗauke 'yarsa Angelina. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tica ya koyar da lissafi har ya yi ritaya, kuma Angelina ce kaɗai cikin 'ya'yansa ta gaji wannan ciwon. Ita ta haɗa masa kwamfuta a lungun falo, ta sa mata wata manhaja mai farautar lambobin da ba sa rabuwa, irin su bakwai da goma sha uku, waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu. Amma na manhajar nan manya ne, ko ɗaya ba za ta shiga allon aji ba. Akwai wani shafi a intanet da ke raba wa masu sa kai lambobi daga ko'ina a duniya. Ka karɓi taka, kwamfutarka ta yi wata da watanni tana gwada ta, in wa'adi ya cika ba ka gama ba a ƙwace a ba wani. Uba da 'ya suka yi rajista da suna ɗaya, kowa da injinsa.

Kwamfutar Tica ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, kuma tun ranar farko suka yi musu a kai. Angelina ta ce a haɗa huɗun su taru a kan lamba ɗaya, kamar gayya a gonar citta, a gama da wuri. Tica ya ce a'a, kowace ƙwaƙwalwa ta riƙe lambarta, domin in aka tara mutane a kunya ɗaya rabin lokacin jiran juna ake yi. Ta nuna masa inda ake canza tsarin, ya kalla, ya ce ya gani, ya bar shi yadda yake so.

Sai ta samu aiki a Legas, ta ajiye koyarwar da ya yi ta zirga-zirga kafin ya samo mata. A tasha, gaban direba da masu sayar da gyaɗa, ya ce mata in ta shiga motar nan kada ta kira shi. Ta shiga, kuma ba ta kira ba. Da uwarta Roseline take waya, ita kuwa Roseline takan fita bayan gida ta amsa, ta dawo ta tarar da shi ya kafa ido a jarida ɗaya tun safe.

Kewarta na cinsa, ba ya faɗa. Abin da ya rage masa shi ne shafin nan. Kullum in ya dawo daga sujada ko daga gona sai ya buɗe, ya ga injinsa a layin sama, nata a ƙasa, aikinta ya ɗan matsa gaba. Da haka yake sanin tana da rai, tana da wuta, ba ta jefar da abin da suka fara ba. Ko tana duba nasa layin, wannan bai sani ba. Yana fata dai.

Da damina ta yi nisa tiransifomar unguwa ta ƙone. Sai ɗan solan da ke kan rufi, shi ma rana ba ta fitowa sai ta ga dama, gajimare ya zauna kan gari ya ƙi tashi. Kwamfuta ta yi aiki kaɗan da tsakar rana ta mutu. Tica ya yi lissafi, abin da ya iya ke nan, ya ga babu ɗaya cikin lambobinsa huɗu da za ta kai kafin wa'adi a ƙarshen wata. Za a ƙwace duka, layinsa ya zama fanko. In Angelina ta buɗe shafin za ta ɗauka ya kashe injin ne, ya yafe ta gaba ɗaya.

Hanya ɗaya ce, kuma ya san ta. Ya yi kwana da kwanaki yana zagaye ta.

"Baban Angelina, abinci ya yi sanyi fa," in ji Roseline wata Asabar. "Kai da wannan kwamfuta, kamar shi ne zai yi maka magana."

"Ki bar ni, ina tunani."

"Tunani ko girman kai? Wayan yana nan a kan tebur."

Da rana ta leƙo ya kunna injin, ya tsayar da manhajar, ya shiga wurin da yarinyar ta nuna masa. Gurbi biyu ne: aiki nawa za a yi lokaci guda, kuma ƙwaƙwalwa nawa ga kowane aiki. Ya goge huɗu ya sa ɗaya, ya goge ɗaya ya sa huɗu. Ya zaɓi lambar da ta fi nisa, sauran ukun ya sake su da hannunsa suka koma wa masu shafin, watannin da aka ci a kansu suka tafi a banza. Ya ji zafin abin har cikin ƙirji. Fankar injin ta ɗauki kuka, ya ɗora shi kan bulo biyu kusa da taga don ya sha iska.

Aikin ya yi gudu, ba ninki huɗu ba, kuma Tica ya lura da hakan ya ji ɗan sanyi, domin ko a faɗuwa yana son ya ce ai ya faɗa. Amma ya yi gudu. Roseline ta cire firij daga solan ba tare da an roƙe ta ba. Shi kuma ya riƙa goge gilashin solan da ke kan rufi da tsumma a bakin sanda, maƙwabta na kallo suna cewa ritaya ta taɓa Tica.

Ana saura kaɗan wa'adi ya cika aikin ya ƙare. Lambar tana rabuwa, kamar yadda kusan duka suke fitowa. Bai damu ba, ba don ita ya yi ba. Ya aika sakamako, ya buɗe shafin don ya ga sunan injinsa da aikin da ya kammala.

Ya gani. Sannan idonsa ya sauka layin ƙasa. Ƙarƙashin injin Angelina akwai sababbin lambobi uku. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Nasa ne, ukun da ya saki, ya san su kamar sunayen 'ya'yansa. Shafin ba ya ba mutum lambar da wani ya saki haka kawai, sai in ya nema da kansa, ya rubuta ta tun kafin wani ya riga shi. Kuma ranar da ta karɓe su ita ce Asabar ɗin da ya sake su. Ashe kullum tana dubawa.

Sannan ya ce, "Roseline, kira mini yarinyar nan."

Ta danna, ta sa masa wayar a hannu, ta fita tsakar gida ta bar ƙofa a buɗe.

"Mama?"

"Ni ne."

Hon ɗin motocin Legas na tashi daga can nesa.

"Ina ji, Baba."

Duk maganar da ya yi shekara yana shiryawa ta gudu ta bar shi. Ya yi gyaran murya.

"Lambobin nan uku suna da nauyi. Kada ki bari injin ya yi zafi."

"To, Baba."

"Kin ci abinci?"

Ya ji tana kuka, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya jira ta.