Kwalar Gwaggo Etelka

"Koma ki sake wanke hannun nan," in ji Gwaggo Etelka daga kan gadon jinya. "Tun daga nan nake jin warin alli."

Na koma na wanke. Daga makaranta na biyo mata da miyar wake, ko kallon kwanon ba ta yi ba. Tun ina ƙarama take maƙwabciyarmu a garin Halas, kullum tana bakin taga da allura, tana ɗinka leshi da farin zare mai sirantar gashin jariri.

Ta turo mini aikinta na ƙarshe, kwalar riga ta leshi mai siffar barewa biyu cikin ganyaye. Ɗinki ya ƙare, amma yana manne da takardar zanen da ta bi. Saura a yanke zaren riƙo ta baya a ɗaga shi. Hannunta kuwa ko cokali ya daina riƙewa.

"Gwaggo, a jira abokan ɗinkinki mana. In na yanke inda ba shi ba fa?"

"Sai in tashi in zane ki, Malama Sarolta. Su sai jibi za su zo. Ni da jibi kuwa ba mu yi alkawari ba. So nake in gan shi a hannuna."

Na juya takardar, na soma bin zaren ɗaya bayan ɗaya da ɗan almakashinta.

"Kada ki ja. Haka kike wa 'ya'yan mutane a aji?"

"Su ba sa yagewa, Gwaggo."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da na yanke na ƙarshe, leshin ya rabu da takardar, ba nauyi ko kaɗan. Na shimfiɗa shi a kan baƙin mayafinta don zanen ya fito. Ta daɗe tana kallo.

"Kunnen wannan ya yi tsawo," ta ce.

"Ba wanda zai lura."

"Ni na lura." Ta ɗora tafinta a kai, ba ta ɗauke ba har na fita.

Washegari ina cikin aji na ji ƙararrawar coci ta sanar da rasuwa. Da na isa gidanta, ɗan ƙanwarta ya riga ya naɗe kwalar, zai sa a yi mata gidan gilashi. Takardar ce kawai aka bari a bakin taga, rana na ratsa ƙananan hujojin allura, tana zuba a kan teburinta.