Unguwar da Babu Yara

Maharazu mutum ne mai zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa. Amma kada a yi saurin ganin laifinsa. 'Ya'ya uku Allah ya ba su shi da matarsa Hajo, zazzaɓi ya ɗauke biyu a damina biyu a jere, a gidan da suke zaune can wajen Ƙofar Ruwa, bakin wani kududdufi mai koren ruwa. Saura Lauratu kaɗai, 'yar shekara shida. Ya rantse damina ta uku ba za ta same ta a gidan nan ba.

Malamin sikeli ne a shagon fatu na Alhaji Ramadan, wani Balarabe da kakanninsa suka zo daga Turabulus suka zauna kusa da kasuwar Kurmi. Kullum sai Maharazu ya zagaye Dala a ƙafa, ya iso shago a jigace. Ran nan Alhaji ya kira shi.

"Malam Maharazu, akwai gidan ƙanena a Zaitawa, ya koma Jos da iyalinsa. Ga makarantar Malam Shehu a bakin ƙofa, ga elementare a bayan lungu, kuma daga nan zuwa shago ko gumi ba za ka yi ba. Ka duba, ka ba ni amsa ranar Alhamis. Ɗanladi dillali ma yana so, amma kai na fara yi wa magana."

Da wani ne, da sai ya faɗi yana godiya. Maharazu kuwa abin da ya fara zuwa ransa shi ne: gida mai kyau haka, me ya kori mai shi?

Kowa a birnin nan ya san yadda ake shiga baƙuwar unguwa. Ka sa rigarka ta kirki, ka riƙe goro, ka je ka gai da mai unguwa, ka yi sallar la'asar a masallacinsu, ka faɗi sunan ubanka da abin da ya kawo ka. Hajo ta tuna masa. Ya ce a'a, in ka sanar da zuwanka share maka hanya za a yi, a ɓoye maka ƙazantar. Shi da idonsa zai gani.

Don haka ranar Litinin da aka tashi aiki ya nufi Zaitawa yadda yake, da kwat ɗinsa ta kaki, fensir a bayan kunne, ɗan littafi a hannu. Ya leƙa rijiyar bakin masallaci, ya ja guga, ya ɗanɗana, ya rubuta. Ya bi kwata da ido har inda ta ƙare, ya rubuta. Ruwa garau, lungu a share, ba kududdufi. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ƙara tashi, don ya lura da wani abu: tun da ya shigo bai ga yaro ko ɗaya ba. Ba mai langa, ba mai talla, ko kukan jinjiri babu.

Ya tsaya a zauren Malam Shehu. Ga alluna jingine da bango, ga tabarmi a shimfiɗe, ga malamin shi kaɗai yana jan carbi.

"Gafarta Malam, ina ɗaliban?"

"Sun tafi."

"Ina?"

"Inda Allah ya nufa." Malamin bai ko ɗago kai ba.

Maharazu ya juya ya fita. Talata ya dawo, Laraba ma haka, kowace rana da lokacinta daban don ya kama su ba shiri. Kullum yana shan kwanar lungun sai ya ji wata tsohuwa mai ƙosai ta yi tari sau biyu, ƙofofi su soma rufuwa. Ranar Laraba ya kasa haƙuri, ya tari wani dattijo mai saƙar tabarma, Baba Gambo, a ƙofar gidan da ke jikin wanda aka yi masa tayi.

"Baba, yara nawa ne a gidan nan naka?"

Dattijon ya dubi littafin, ya dubi fensirin. "Babu."

"To gidan can fa?"

"Nan unguwar yara ba sa zama, Malam. Ka rubuta haka."

Innalillahi! Ai kuwa ya rubuta. Ya koma gida ya zayyana wa Hajo: wata cuta ce ta share yaran unguwar, suna rufa-rufa don kada gidajensu su rasa masu shiga. Shi ya sa ƙanen Alhaji ya tsere. Kuma Alhaji ya sani, wallahi ya sani!

Hajo ta ce, "Malam, ka bar ni in shiga cikin matan mana. In na zauna da su rabin wuni, babu abin da ba zan ji ba."

"Ki shiga ki kwaso mana abin ki kawo wa yarinya? Ba inda za ki."

Ranar Alhamis ya gaya wa Alhaji Ramadan ya gode, ba ya so. Alhaji ya dube shi da mamaki, ya tambayi dalili, Maharazu ya ce babu komai, yana kallonsa a kaikaice. Kafin magariba gida ya zama na Ɗanladi.

Bayan kwana takwas, ranar Juma'a, ya taso daga masallaci cikin babbar riga da hula, ya ce bari ya yanke ta Zaitawa ya ƙara gode wa Allah da ya tsare shi. Yana shan kwana wata yarinya ta yi karo da gwiwarsa a guje, wasu biyar na bin ta. Lungu cike maƙil! Wasu na 'yar gala-gala, wasu na kokawa, wani ƙaton jinjiri na rarrafe a bakin zaure, kumatu kamar ƙosai. Ya tsaya baki buɗe.

Baba Gambo bai gane shi ba sam. Ya amsa sallamarsa da fara'a, ya matsa masa a tabarma.

"Masha Allah, Baba, unguwarku da albarkar yara."

Dattijo ya yi dariya har da buga cinya. "Ai da makon jiya ka zo, da ba ka ga ko ɗaya ba. Wani ɗan kaki ya addabe mu, ba sallama ga mai unguwa, ba komai, sai leƙen rijiya da tambayar yara nawa, yana rubutawa. Wasu suka ce duba-gari ne, wasu suka ce masu tsaga wa yara lambar rigakafi ne suka turo shi ƙidaya. Oho, mu dai tun ran farko muna hango kakinsa muka ɓoye yara, muka sa Kande mai ƙosai gadi. Tana tari, sai kowa ya ja nasa ɗaki. Malam Shehu ta ƙofar baya yake sallamar ɗalibai. Kwana uku muka yi da shi, ya gaji ya bari."

Maharazu ya tambaya: "Zazzaɓi fa? Da damina?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi ƙwarai. Nan tudu ne, ruwa ba ya kwana." Ya nuna gidan jikinsa da haɓa, inda ake shigar da tukwane. "Wannan ma wani mutumin Alhaji Ramadan aka ce zai shigo, mai 'yar yarinya guda. Matanmu har sun share gidan sun yi masa daɓe, matar Malam ta ce ita za ta riƙa ɗora wa yarinyar karatu. Sai muka ji wai ba ya so. Ko zuwa bai yi ya gan mu ba, bawan Allah."

Maharazu bai san yadda ya yi sallama ba. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, ga shi babu wanda zai zarga, shi da bai taɓa rasa wanda zai zarga ba. Ya zagaye Dala a hankali. Ya tarar da Hajo tana yi wa Lauratu kitso a tsakar gida, ya zauna a bakin ƙofa ya faɗa mata duka, bai rage komai ba.

Hajo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ƙarasa layin kitson da ke hannunta, ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa tun shekaranjiya.

"To, Malam," ta ce, "yanzu ina za mu kai ta?"