Tokar da Dogo Ya Baje

Dogo ya ci amanar yayarsa, kuma a kan toka ya ci ta.

Gona ɗaya mahaifinsu ya bar musu, jerin duwatsu ya raba ta biyu, gabas ta Yaya, yamma ta Dogo. A bayanta akwai kangon da aka yi shekaru ana fasa tsofaffin batura ana narka dalma. Masu sana'ar sun tashi, amma ruwan sama ya riga ya wanko dattinsu cikin gonar. Da malamin gona ya auna ƙasar, sai ya ce kada a ƙara cin ko ganye ɗaya daga cikinta.

Shi ya kawo musu irin wata ciyawa mai kaurin kara. Ya ce saiwarta na zuƙo dalmar daga ƙasa ta tara a jikinta. Idan ta girma a tuge ta har saiwa, a shanya a kan tamfol, a jibge a rumfa, sai motar ofis ta zo ta kai inda ake binne irin wannan.

"Kada dabba ta ci, kada a ƙona," in ji shi.

"Wato mu yi noma don rami ya ci," in ji Dogo.

"Kai dai tuge," in ji Yaya. "Tsawon nan naka ya yi amfani ko sau ɗaya."

Damina huɗu suka yi a haka. Shuka, noma, tuga, babu ko zangarniya ɗaya ta kai wa gida. Safar hannun Yaya ta huje a yatsu, ta ɗinke, ta sake hujewa. Bayanta ya daina miƙewa sosai. Abincin gidanta daga kasuwa yake zuwa, ita da ta tashi ba ta san awo ba. Burinta ɗaya, ta ga masara tsaye a gonar ubanta tun tana iya sunkuyo. Motar ofis kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Yau babu mai, gobe direba ba lafiya. Rumfar ta cika har jinka.

Dogo ya daɗe yana kallon tarin nan. Tun yana ƙarami ya ga mahaifinsu na ƙona kara a gona, inda tokar ta kwanta nan amfani ya fi kyau. A ganinsa wuta na cinye komai, maganar malamin gona tsoron 'yan boko ce kawai. Ranar da Yaya ta tafi asibiti a duba mata baya, ya kwaso tarin duka zuwa ɓangarensa, ya cinna masa wuta. Da wutar ta huce ya baje tokar da shebur, ya bi da garma. Ko cikin tafin hannu bai tsallakar wa Yaya ba. Rabin ciyawar nan ita ta tuge, ya sani sarai.

Ta dawo ta tarar da rumfa wayam.

"Ina kayan?"

"Mota ta zo, Yaya."

Ta dubi hanya, babu sawun taya. Ta dubi baƙar ƙasar da ke yamma da duwatsu. Ba ta da ƙarfin faɗa. Ta zauna a kan bokiti ta cire takalmi.

Bayan sati biyu malamin gona ya zo ɗibar ƙasa. Ya tsuguna a ɓangaren Dogo, ya murza ƙasar a safar hannunsa.

"Malam, ƙonawa ka yi?"

"Taki ne. Haka muka gada."

"Dalma ƙarfe ce, ba ta ƙonewa. Karan ne ya tafi, ita tana nan cikin tokar." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Duk abin da kuka ciro a shekara huɗu, naka da na yayarka, ka mayar. A naka."

"To a raba mana," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa.

"Da kana ce taki ne ka raba?" in ji Yaya.

Sakamako ya fito. Dalmar da ke ƙasar gabas ta sauka, aka ba Yaya izinin shuka masara bana, da sharaɗin a haƙa kwalbati a kan iyaka don kada ruwan yamma ya gangaro mata. Dogo aka sa ya haƙa. Ƙasarsa ta fi ranar farko guba. Aka yanka masa shekara takwas yana tugar ciyawa, shi kaɗai.