Ɗakin Ƙasa da Kafinta Ya Roƙa

Har gari ya fara wayewa Ticha bai runtsa ba. Ɗakin Kafinta ne a saman nasa, kuma yana jin duk motsin da ake yi a can: a ja kujera zuwa bakin taga, a yi tari a hankali kamar mai gudun tashin mutane, sannan a yi shiru. Tambaya guda ce ta hana shi barci. Mutumin da duk gidan hayar ya yi wa shaidar lalaci, me zai sa ya kwana a zaune, alhali ga gado?

Tun daminar bara Kafinta ya daina fita aiki. Ya ce likita ya gaya masa zuciyarsa ta yi rauni, hawan bene yana cutar da shi. Shi ya sa ya roƙi Ticha su yi musayar ɗaki, shi da matarsa su sauko ƙasa, Ticha ya koma sama. Mai gidan ya ce shi ba ruwansa, in sun daidaita. To amma ƙofar ɗakin Ticha titi take kallo, matar Kafinta kuwa tela ce, kekenta ke ciyar da gidan. Direba, wanda ke ɗakin kusa da famfo, shi ya fara haɗa wannan da wancan. Ya ce shago ake nema wa Tela, ciwo kuwa dabara ce, domin shi tun da yake bai taɓa ganin majinyacin da kullum ƙiba yake ƙarawa ba. Maganar ta zauna a gidan, ta zauna a zuciyar Ticha ma.

Da safe aka haɗu a bakin famfo. Kafinta ya sauko yana dafa bango, ya zauna a matakalar ƙarshe yana mayar da numfashi, matarsa ta karɓi bokitin daga hannunsa. Ya take bayan takalmansa, don ƙafafun sun daina shiga.

"Sarkin Hutu, ranka ya daɗe," in ji Direba, yana goge haƙora. "Wannan jiki haka? Mu da muke fita nema mun bushe, kai kuwa har sheƙi kake. Tela, me kike ba shi ne, a sam mana?"

Matan da ke layin ruwa suka yi dariya. Kafinta ma ya murmusa, kamar yadda ya saba, sannan ya juya wajen Ticha ya sassauta murya. Ya tambaye shi ko ya ƙara duba maganar nan tasu.

Ticha ya fito da niyyar cewa ya yarda. Kalmar tana bakinsa. Sai ya ga Direba ya dakata da goge haƙoran yana kallonsa, irin kallon da ake yi wa wanda ake shirin yi wa wayo a gaban jama'a. Shi kuwa mutum ne da ya fi tsoron a ce an raina masa hankali fiye da komai.

"Bari mu gama jarrabawa tukuna," ya ce. "Yanzu kaina ya yi zafi."

"Babu komai, Malam. Allah Ya kai mu."

Duk yinin ranar yana zagaya aji yana tsaron masu jarrabawa, yana shirya yadda zai hau sama da yamma ya faɗa masa su biyu kawai, inda babu idon kowa. Har ya tsara yadda zai hau da teburinsa.

Da ya karyo kwanar layinsu sai ya hango takalma zube a ƙofar gida. Wata maƙwabciya ta tare shi ta ce Kafinta ya sauko bayan azahar ɗaukar wani abu a cikin kayan aikinsa da ke ƙarƙashin bene, da zai koma ya zauna a tsakiyar matakala ya jingina da bango. Mutum biyu suka wuce shi, suna zaton hutunsa ne na kullum. Matarsa ce ta taɓa shi, ta ji ya riga ya cika.

An sauko da shi an shimfiɗa a kan tabarma a tsakar gida, saboda benen ya yi ƙunci a hau da shi, ɗakin Ticha kuwa a kulle yake. Ticha ya buɗe ƙofa. Ya janye tebur, ya jingine katifa, aka shigo da Kafinta aka kwantar da shi a tsakiyar ɗakin.

Dattijon da ya zo yi masa wanka ya nemi mutum biyu su kama masa, Ticha da Direba suka tsaya. Da dattijon ya ɗaga ƙafar mamacin, wurin da yatsansa ya danna ya lotsa, ya ƙi tasowa. Dattijon ya daɗe yana duban wurin.

"Bawan Allah nan ya sha wuya," ya ce. "Duk wannan ruwa ne. Irin su ba sa iya kwanciya, numfashi ke ƙwace musu."

Direba ya sunkuyar da kai yana zuba ruwa daga buta. Aka gama, aka kai mamacin makwancinsa aka dawo.

A ɗakin Ticha matar ta zauna karɓar gaisuwa, domin tsofaffi ba za su iya hawa sama ba. Shi ya koma kwana wurin wani abokin aikinsa. Da baƙi suka watse, ya zo ya tarar tana naɗe tabarmi, ta share ɗakin tsaf, ta ajiye masa makulli a kan tebur. Ta yi godiya, ta ce ta takura masa, yau za ta koma sama.

Ya ce ta bar kayanta inda suke, shi ne zai koma. Keken ɗinkin ma zai nemi wanda zai kama masa su sauko da shi.

Ta dube shi, idanunta a bushe. "Ai ni ƙafata lafiya lau, Malam."

"Na sani."

Ya ɗaure littattafansa a cikin zanen gado ya saɓa a kafaɗa ya hau.

Bai taɓa shiga ɗakin ba. Ya fi nasa haske, iska na shigowa sosai. A jikin bangon gabas an kafa katakai biyu sababbi, an goge su sumul, na ukun yana jingine a ƙasa, an huda bango ba a kai ga ɗaura shi ba. Daga bakin ƙofa ya ji muryarta, ashe ta biyo shi. Ta ce marigayin ya ce Malam mai littattafai ne, kada ya hau ya rasa inda zai sa su.

Ta sauka. Ticha ya kwance zanen, ya fara jera littattafan a kan katakon farko, ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar katako tana nan a ƙasa, ba a share ba.