Ciyawar Kan Gada

Kuskuren mai hoton shi ne da ya ce wa kawunsa ya daina cire ciyawar kan gada.

Gadar jirgin ƙasa ce, ta ƙarfe, mai ƙafa huɗu a cikin kogi. Shekara goma sha tara rabon da jirgi ya hau ta. Kawun kuwa mai duba layi ne tun yana saurayi, kuma da aka sallami ma'aikata bai tafi ko'ina ba. Ya ci gaba da zama a ɗakin sigina da ke bakin gadar, ɗaki ɗaya mai taga uku, daga katifa sai risho. Kullum da safe yakan ɗauki gudumarsa mai doguwar ƙota ya bi gadar daga wannan baki zuwa wancan, yana ƙwanƙwasa kowane noti yana saurare. Wanda ya ji muryarsa ta sauya, sai ya ɗaure shi. Ya shafa baƙin mai, ya tuge ciyawa daga tsakanin katakai. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Manoma da mata masu kaya a ka suna bi ta kai, su gaishe shi su wuce.

Mai hoton ɗan ƙanwarsa ne. Ya haura arba'in, yana zaune shi kaɗai a bayan shagonsa na hoton fasfo. Abin da ke ransa kuwa tsofaffin gadoji ne, kuma yana da ƙa'ida guda: ba ya sa mutum a hotonsa. Ya ce mutum ɓata ƙarfe yake yi.

Ranar da ya zo, ya leƙa ta kyamara ya girgiza kai.

"Kawu, gadar nan ta cika tsabta. Kamar gobe jirgi zai zo."

"To laifi ne?"

"Ba ta nuna shekarunta ba. Ka bar mata ciyawar, wata biyu kacal. Man nan ma ka dakata da shi."

"Kai da ko gemunka ba ka iya gyarawa ba, kai ne za ka koya min gyaran gada?"

Amma ya yarda. A duk dangi wannan ne kaɗai ke takowa wurinsa, kuma an daɗe ba a roƙe shi komai ba.

Damina ce. Cikin wata biyu ciyawa ta kai gwiwa, tsatsa ta yi ja a kan notuna. Tsohon yakan bi ta kai yana kawar da ido, hannunsa na ƙaiƙayi.

Da mai hoton ya dawo, ya kwashe shanyar da ke tagar ɗakin sigina, ya miƙa wa kawun gwangwanin mai ya ce ya koma bayansa. Ya jira awa biyu sai da mace ta ƙarshe ta haye, gada ta yi wayam, sannan ya danna.

Hoton ya yi kyau, ba ƙarya. Aka rataye shi a wani baje koli a birni, jarida ta buga shi ta rubuta a ƙasa cewa ga gadar da aka manta. Da gaske kuwa ofishin da ke da ita ya manta da ita. Hoton ne ya tuna musu. Wani injiniya ya rubuta cewa ba mai bi, ba mai kula, kuma haɗari ce. Aka sayar da gadar ga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

Mai hoton ya je ofishin ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Injiniyan ya juyo masa jaridar.

"Malam, kai ka ɗauka ko?"

"Ni ne."

"To nuna min mutum ɗaya."

Ya koma shago ya zazzage hotunan gadar, sun fi ɗari. Ko inuwar mutum babu.

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana yanka. Tsohon bai yi faɗa da kowa ba. Yana tsaye a gefe, har yana gaya wa masu yankan inda ƙarfe ya fi kauri, kada su ɓata wutarsu. Manoma suka koma zagaye ta titin mota, tafiyar awa guda. A rana ta ƙarshe aka cire rufin ɗakin sigina, mai hoton ya ɗora katifa da risho a bayan babur.

Yanzu su biyu ne a bayan shagon, kuma ba su cika magana ba. Hoton yana jingine da bango. Wata rana da hantsi tsohon ya matso da shi kusa da ido ya daɗe yana dubawa.

"Ni ina nake a nan?"

"Kana bayana, Kawu. Kana riƙe da gwangwanin mai."

"Haka ne," in ji shi, ya mayar da hoton inda yake.

Da safe yakan ɗauki gudumar ya ƙwanƙwasa notunan ƙofar shago, ya saurara. Guda huɗu ne. Kafin mai shayin bakin titi ya gama hura wuta, shi ya gama aikin yini.