Hannun Daman Kyaftin Gimba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kyaftin Gimba, hannunsa na dama ya kwanta a cinyarsa bai sake tashi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa ƙaramin jirgin feshi a kan gonakin shinkafar Haɗeja, yana fatattakar tsuntsayen jan-baki, yau 'yarsa Murja ce ke ba shi kunu da cokali a gidanta da ke unguwar Old Trafford, can ƙasar Turawa.

Matar da asibiti ke turowa don motsa masa jiki ta ce hannun bai mutu ba, mai shi ne ya ƙi gwadawa, kuma in ya ci gaba da ƙi, hannun zai sandare ke nan. Gaskiya ta faɗa. In an ba shi ƙwallon roba ya matsa, sai ya yi masa kallon raini ya kau da kai. Taurin kan Kyaftin ba sabon abu ba ne, amma wannan karon ya tsorata Murja ƙwarai.

Yayanta Abdulhafiz ya kira daga Birmingham.

"Murja, ga zuwa jami'a, ga yara a kanki. Akwai care home, gidan kula da tsofaffi, mai kyau kusa da ni, ki yi tunani."

"Yaya, a ƙara masa lokaci," ta ce, alhali ita ma zuciyarta ta fara karaya.

Ran Asabar da la'asar tana ninke kaya a falo, talabijin na nuna wani tsohon fim da launinsa ya koɗe. Labarin matuƙan ƙananan jirage ne na dazukan wata ƙasa mai tafkuna da ƙanƙara, waɗanda da yaƙi ya ɓarke suka shiga sojan sama. Aka zo inda wani matashi zai sauke jirgi cikin hazo, sai ta ji tsaki daga kujerar Baba.

"Wannan yaron zai kashe mutane," ya ce da harshensa mai nauyi. "Ɗaga hancin! Ɗaga mana, shashasha!"

Murja ta waiwaya. Hannun daman ne a sama, a dunƙule, yana rawa, yana jan sandar tuƙin da babu ita zuwa ƙirjinsa. Saura ƙiris ta yi kabbara, amma ta san ubanta. Da zarar ta yaba, zai mayar da hannun cinya don kada a ce an yi nasara a kansa. Sai ta haɗiye murnarta, ta ci gaba da ninke riga.

"Baba, ni kam na ga daidai yake yi."

"Daidai? Ke me kika sani? Mayar da fim ɗin baya ki gani!"

Ta ɗauko rimot ta ajiye a damansa, ta ɗan nisanta shi da gangan.

"Hannuna da kaya, Baba, mayar da shi da kanka."

Ya harare ta, ya harari rimot ɗin. Ta shige kicin ta jingina da bango, tana hawaye tana dariya, wani nauyi na sauka daga ƙirjinta. Daga falo ta ji rimot ya faɗi a kan kafet, ta ji tsaki da nishi. Can sai ƙarar jirgin ta sake tashi daga farko.

"Murja! Zo ki ga inda ya yi wautar!"